A Bar Min Gwaiduwa

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Yau sun kawo mana wani ɗan Amsterdam mai farin takalmi ya koya mana launi. Thijmen sunansa. Ya jingina kekensa a jikin teburina kamar shagon ubansa, ya kunna majigi, ya ce, "Jama'a, ga sabuwar fuskarku." Shuɗi. Daga sama har ƙasa shuɗi, irin na banki da kamfanin inshora.

Ranar ɗaya ga Disamba za mu haɗe da wasu ƙungiyoyi biyu, ta garin Schiedam da ta garin Dordrecht. Suna ɗaya, tambari ɗaya, shafin intanet ɗaya. Wannan ban ƙi ba. Dukkanmu aiki ɗaya muke yi, koya wa manya karatu, mutanen da suka haifa har suka yi jikoki amma wasiƙar hukuma ta fi ƙarfinsu. Ni ne mai zane a nan. Fosta, takardun rabawa, shafin intanet, har alamar bayan gida, duk hannuna ne.

Na ce, "Ina Gwaiduwa?"

Ya ce, "Wace ce kuma?"

Hennie mai amsa mana waya ta ce, "Ba mutum ba ce, ɗan nan. Da'irar nan ce mai ruwan ɗorawa."

"Au, wannan. Ta yi ritaya."

Aka yi dariya. Har Annelies, shugabarmu, sai da ta murmusa.

Ni na zana ta shekarar da na fara aiki. Tana jikin ƙofarmu, tana kan takardun da muke rabawa a kasuwa, tana tsakiyar shafinmu, ƙatuwa, da hoton waya fari a cikinta. Ka danna ta, wayar Hennie ta yi ƙara. Shi ke nan. Ba sai ka karanta ko harafi ɗaya ba. Ɗalibanmu ne suka raɗa mata Gwaiduwa, wai ta yi kama da tsakiyar ƙwai. A sabon shafin, a daidai mazauninta, an ja wani siririn layi shuɗi an rubuta a ciki, "Ɗauki matakinka na farko." Rubutu. Ga mutumin da ya zo neman a koya masa rubutu.

Ban ƙara magana ba a taron, don da na buɗe baki da yanzu ba ni da aiki. Amma Gwaiduwa ba inda za ta. Na rubuta a nan don in gani da idona.

Maganar jiya Lahadi ba zan rubuta ta ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, yamma

Baba yana asibiti, hawa na shida, gadon da ke bakin taga. Sun ce jinin ya tsaya, amma za su riƙe shi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Hennie ta same ni a wajen injin kofi. Ta girmi kowa a ofishin nan, kuma ita kaɗai ce ba ta tsoron bakina.

"Kai Remco, wa ya cinye maka burodi? Tun Litinin fuskarka a murtuke."

Na ce ba komai. Na tambaye ta mutum nawa ne ke shigowa ta Gwaiduwa.

"Ni ba ƙirgawa nake ba, amma ina gane su. Duk wanda ya danna ta, shiru yake fara yi. Sai numfashi kake ji. Can sai ya ce, ba fa don ni ba ne, don wani abokina ne."

"Kuma kina yarda?"

"Ina ruwana? Sai in ce, to abokin naka safe yake so ko yamma? Ran da abokin zai zo, sai ka ga mai muryar ya turo ƙofa yana shafa aljihu, wai ya manta tabarau a gida."

Ta yi dariya har kofi na zuba mata a hannu. Ni ban yi ba. Wannan shafa aljihun na san shi tun ina aji biyu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, lokacin ziyara

Na tarar da Baba a zaune ya buɗe jarida a gabansa, shafin ƙwallo, inda hotuna suke. Ya rame. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa yana ɗaure kwantena cikin iska da ƙanƙara, yau ga shi cikin rigar asibiti mai igiya a baya. Tarinsa dai yana nan yadda yake: gajeru biyu, dogo ɗaya, sannan ya ce "to", kamar ya kammala wani aiki.

"Mai fenti ya iso. Yaya, an shafe garin?"

Haka yake kirana. Bai taɓa tambayar me nake yi takamaimai ba, ni ma ban taɓa matsa masa ba.

Wata nas ta shigo, yarinya mai kirki, ba ta nufi komai ba. Ta ce, "Amma Malam Cor, ai a jikin kwalin maganin an rubuta, ɗaya a rana."

Sai na ga hannunsa ya tafi ƙirji yana laluben aljihu. Rigar asibiti ba ta da aljihu.

"Tabarau ne, 'yata. Kin san tsufa."

Yayata Chantal ta taka min ƙafa a ƙarƙashin gado, da ƙarfi, tun kafin in buɗe baki. Tabaran nan yana kan firij a gida. Kullum a can yake. Ƙura ce kaɗai ke amfani da shi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da rana

Na shiga wurin Annelies. Tana cin burodi da cuku a kan teburinta, tana amsa saƙonni da hannu ɗaya.

"Zauna, Remco."

"Na fi son tsayuwa."

"To tsaya, amma ka saurara. Masu duba shafuka sun ce farin hoto a kan ruwan ɗorawa ba ya fita ga mai raunin ido. In ba mu ci jarrabawarsu ba, ƙaramar hukuma ta janye hannunta. Wannan ɗaya. Na biyu, mutanen Dordrecht sun haƙura da korensu. Na Schiedam sun haƙura da tsuntsunsu, wata har kuka ta yi. In na ce mu a bar mana namu, me zan ce musu?"

"Ki ce musu tsuntsunsu ba ya buga waya."

Ta ajiye burodin. "Bakin nan naka wata rana shi zai kore ka daga nan, ba ni ba."

Na dawo teburina na auna launin da kaina, don in je in watsa mata sakamakon a fuska. Gaskiyarsu ne. Fari a kan ruwan ɗorawa bai ci ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai yau. Ba muguwa ba ce, shi ne matsalar. Da muguwa ce da aikin ya zo min da sauƙi.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

Na je gidan Baba ɗauko masa kayan barci. Tawul ɗin da aka tare masa jini da shi ran Lahadi yana nan a cikin kwamin wanke-wanke, ya bushe ya ƙandare. Na jefa shi a shara.

Kwalayen maganinsa biyu suna kan tebur inda masu motar asibiti suka bar su. Na jera su gefe da gefe na zauna ina kallo. A da ɗaya mai jan layi ne, ɗaya mai kore. Shekara da shekaru haka. Ja da safe, kore da yamma. A watan jiya kantin magani ya sauya kamfanin da yake saro musu. Yanzu duka biyun farare ne tas, da siririn layi shuɗi, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, sai dai ƙananan haruffan da ke jiki ne suka bambanta. Shi kuwa da launi yake gane su, sai ya riƙa shan iri ɗaya sau biyu, har jini ya ɓalle masa. Wani mai zane irina ne ya zauna a wani ofis mai tukwanen furanni ya ce wannan ya fi tsafta a ido. Ƙila har lambar yabo aka ba shi.

A kan teburin nan na koyi karatu na gaske, ba a makaranta ba. Wasiƙar haya, ta wuta, ta likita. Ya turo min ya ce, "Duba mana nan, idona ya gaji." Daga nan na zarce, kwalin madara, littafin girkin marigayiya Mama, duk abin da na samu. Na bar makaranta ina ɗan sha shida, ɗakin karatu na unguwa ya ƙarasa ni. Zanen ma a kwamfutocinsu na koya, mai gadi yana korata.

Chantal ta shigo ta gan ni da kwalayen.

"Kar ka soma. Ya ce in wani ya ji, ba shi ba mu."

"Ni na ce zan faɗa wa wani?"

"Na san ka ai. In ranka ya ɓaci bakinka ba birki. Kuma a irin wurin da kake aiki, sai su mai da shi fosta."

Na ce ni ke yin fostocin. Ta ce shi ya sa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, yamma

Na sake wanke ƙasan kicin. Har yanzu ina ganin wurin.

Talata, 11 ga Nuwamba, da rana

Na aro wani tsohon littafi a kan alamomin hanya da na tashoshin jirgi. Baƙi a kan ruwan ɗorawa shi ido ya fi saurin kamawa daga nesa, shi ya sa duk abin da aka so mutum ya gani kafin ya yi tunani, haka ake yinsa. Na mai da hoton wayar baƙi, na ƙara masa kauri. Na auna. Ya ci jarrabawar, har da rara.

To ga hujjarsu ta farko ta mutu. Na tura wa kowa. Ban sa ko kalma ɗaya ta rashin kunya ba, na karanta saƙon na goge wurare biyu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan taro

Mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya, kofi da biskit ɗai-ɗai, kowa sai ya faɗi ra'ayinsa, har wanda ya zo gyaran na'urar buga takardu an tambaye shi. Haka muke a ƙasar nan, ba a yanke magana sai kowa ya gaji. Wani daga Dordrecht ya ce ruwan ɗorawa yana tuna masa da ragin farashi a kanti. Thijmen ya ce da'ira ɗaya za ta "karya natsuwar shafin". Na ce mutanenmu ba natsuwa suka zo nema ba, Hennie suka zo nema.

Ƙarshe dai aka tsaya a kan a kira ɗalibai ranar Laraba, a nuna musu duka biyun, wanda suka zaɓa shi ke nan. Na amince nan take. Na san mutanena.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da la'asar

An sallamo Baba. Ya ƙi hawa lif, ya taka matakala yana hutawa a kowane hawa, wai kar maƙwabta su ce ya ƙare.

Na buga 'yan takardu masu manne a ofis na zo da su. Rana mai ruwan ɗorawa a kan kwalin safe, baƙin jinjirin wata a kan na yamma. Ya juya kwalin a hannunsa.

"Meye wannan kuma, makarantar yara?"

"Gwaji nake yi na wurin aiki, Baba. Ina son in ga ko gam ɗin yana riƙewa."

"To in gwaji ne, yi abinka."

Bai ɓare su ba. Da zan tafi ya miƙo min wayarsa in ƙara masa ƙararta. Gwaiduwa tana nan a fuskar wayar, a kusurwar ƙasa, inda na sa masa ita tun shekarar farko, wai don ya ga aikina.

"Ƙwan nan naka har yanzu yana nan. Ban san yadda ake goge shi ba."

Ya sani sarai. Abin ƙirga taku da Chantal ta sa masa, ko kwana bai yi ba ya goge shi.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da rana

An kayar da ni.

Mutum takwas suka zo. Ina ganin fuskokinsu na gane abin da ya faru. Ta imel aka gayyace su. Imel, da doguwar tambaya a ciki, da wurin rubuta amsa. Wa zai amsa imel? Waɗanda suka riga suka gama da mu. Ba wanda ya yi da gangan. Haka muke gayyatar kowa, ba wanda ya tsaya ya yi tunani, ni ma ban tambaya ba.

Ria, wadda ta yi shekaru tana share ofisoshi kafin ta zo wurinmu, ita aka fara ba wa wayar. Ta sa yatsa a ƙarƙashin shuɗin layin, ta bi shi a hankali. "Ɗauki. Matakinka. Na farko." Ta ɗago kai idonta ya ciko. Aka tafa mata. Ta ce ita wannan take so, ya fi kama da na manya, Gwaiduwa kamar ta jarirai ce. Sauran suka bi ta.

Me zan ce wa Ria? Ta sha wuya kafin ta kai ga wannan layin. Haƙƙinta ne ta so shi.

Laraba, daga baya, a cikin taragu

A baranda na same su. Na ce sun gwada tsani da mutanen da suka riga suka hau bene. Thijmen ya ce sakamako sakamako ne. Na faɗa masa wata magana a kan farin takalminsa da inda ya kamata ya saka shi. Annelies ta ce ya isa. Na juya kanta na ce, "Ke kin taɓa ganin mutum a ƙasan kicin saboda..."

Nan na tsaya. Na ji maganar a maƙogwaro, da sunansa da komai. Da na sake ta na san da na ci. Annelies mai tausayi ce, da nan take ta soke komai. Kuma kafin Kirsimeti da labarin ya shiga jawabinta na gaban masu ba da tallafi, ba suna, amma duk unguwarmu ta gane.

Sirrin ba nawa ba ne in sayar. Na harbi kwandon shara a madadin haka.

Ta ce in je gida sai Litinin.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Ban nemi afuwa ba. Ruwa ake ta yi. Gwaiduwa ba inda za ta, yadda za a yi ne ban sani ba tukuna.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da rana

Likita ya ce Baba ya riƙa takawa, don haka na ja shi kasuwa. Muka ci soyayyen kifi a tsaye a ƙarƙashin rumfa, yana ta zagin mai kifin wai ya rage gishiri, mai kifin yana cewa, "Cor, ashe ba ka mutu ba? Na riga na yi wa wani alkawarin wurinka."

Chantal ta ce in sayo mata wani ruwan yaji a shagon 'yan Sin. Na tsaya a gaban kanta, kwalabe sun fi hamsin, kowace da rubutunsu, ko ɗigo ban gane ba. Matar shagon tana tsaye tana jira. Mutum biyu a bayana. Na ji wuyana ya ɗau zafi. Sai kawai na ga hannuna ya tafi aljihu yana lalube, ban ma san me nake nema ba.

Baba ya miƙa hannu ta saman kafaɗata ya zaro ɗaya. "Ga ta. Mai jan murfi da zakara. Kullum ita take saya. Kai dai ba ka kallo, karatu kawai ka iya."

A hanyar dawowa ban ji rabin abin da yake faɗa ba. Na san abin da zan yi.

Litinin, 24 ga Nuwamba, yamma

Na ba Thijmen haƙuri, a kan maganar takalmi kaɗai. Ya ce takalmin ya yafe.

Yini guda na yi ina kwafe shafukan biyu, nasa da nawa, zuwa wani wuri na gwaji. Na sauya kowane harafi zuwa na ƙasar Jojiya, masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Launi, hotuna, tsari, duk na bar su yadda suke. Ba zan kai wannan gaban mutum goma sha biyu ba. Ba tozarta kowa nake nema ba. To, ina nema, amma ba shi zai dawo min da Gwaiduwa ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Na shiga wurin Annelies na rufe ƙofa, na ajiye mata wayata.

"Wannan shafinmu ne sabo. Ki nemo min Hennie."

Ta dube ni, ta dubi wayar. Ta danna wani abu, ya kai ta rahoton shekara. Ta koma baya. Ta danna wani, ya kai ta wurin ba da gudummawa. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Siririn layin ta wuce shi ba sau ɗaya ba, yana gabanta. Na ga wuyanta ya soma ja. Ban ce uffan ba, kuma wannan shi ne aiki mafi wuya da na yi a watan nan.

Ta ce, "Ba ni ɗaya shafin."

Na buɗe mata. Ko daƙiƙa ba ta yi ba ta danna Gwaiduwa. Ta bayan bango muka ji wayar ta ɗauki ƙara, sannan muryar Hennie, "Wa ke min wasa da waya da safen nan?"

Annelies ta ajiye wayar a kan tebur.

"Wane ne, Remco?"

"Wane ne me?"

"Wanda kake wa wannan faɗan. Ba don da'ira mutum ke harbin kwandon shara ba."

Na ce, "Wani abokina ne."

Ta kalle ni. Ta yi shekaru a wannan aikin, ta san wannan amsar. Ba ta ƙara tambaya ba.

Ta ce, "Madannin kaɗai za a bar maka. Tambari shuɗi ne, fostoci shuɗi, ƙofa ma za a shafe ta. Ni zan je Schiedam da Dordrecht da wannan wayar taka in sha zagin. Kuma ka sayo mana sabon kwando."

Na so in yi musu a kan ƙofar. Na haɗiye.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da rana

Ni da Thijmen a gaban kwamfuta ɗaya tun safe. Ya rage girman Gwaiduwa, na ƙara. Ya rage, na ƙara. Ya ce in na sake ƙarawa za ta fito daga wayar ta faɗo wa mutum a cinya. Can ya karɓi linzamin kwamfutar ya ture duk rubutun da ke kewaye da ita, ya bar mata fili. Sai ta fi girma a ido ba tare da an ƙara ta ba. Ya iya aikinsa, ɗan banza. Ban faɗa masa ba.

Na roƙe shi abu ɗaya: 'yar alamar da ke zama a fuskar wayar mutane ta tsaya ruwan ɗorawa, kar wani ya wayi gari ya ga ta rikiɗe. Ya ce mutum nawa ne ma suke da ita a waya. Na ce aƙalla ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa ya bar ta.

Mutanen Schiedam sun ce in an bar ƙwai to a bar tsuntsu. Tsuntsu ya samu wuri a can ƙasan shafi.

Litinin, 1 ga Disamba, da safe

Shafin ya hau. An yanka kek, Annelies ta yi jawabi.

Ni na fita waje na tsaya cikin yayyafi ina kallon mai fenti na gaske yana shafe ƙofarmu. Shafa ta farko Gwaiduwa tana leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin, kore-kore. Ta biyu ta tafi. Ya ce, "Lafiya, saurayi?" Na ce ya manta da wani wuri a gefen hagu.

Na manna ƙaramarta a kusa da ƙararrawa, daidai tsayin ido. Ba wanda ya ba ni izini, ba kuma wanda ya ɓare ta har yanzu.

Talata, 2 ga Disamba, da rana

Teburina yana bayan na Hennie, allo ɗaya ne tsakaninmu. Tana nesanta wayar da kunnenta saboda na'urar jinta, don haka duk wanda ya kira, rabin maganarsa a kunnena take.

Wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ta gaisa. Shiru. Numfashi. Ta jira, ita gwanar jira ce.

Sai tari. Gajeru biyu, dogo ɗaya. "To."

Na ɗauke hannuna daga kan linzami.

"Eh, ina jin ka, malam. Don abokinka, na gane. Tare kuka yi aiki a tashar jiragen ruwa. Madalla. A'a, bai tsufa ba, muna da wanda ya girme shi. To abokin naka safe yake so ko yamma?"

Ban ji amsar ba.

"Ranar da ba kowa a ofis? Ai kullum da mutane, malam. Alhamis da rana dai da sauƙi, ajin a bene yake, ba sai ya bi ta cikin ofis ba. Ƙofa shuɗiya ce yanzu, ya duba gefen ƙararrawa zai ga abin da ya danna."

Ta ajiye. Ta leƙo ta saman allo tana tauna biskit ɗin bikin yara na Sinterklaas.

"Wani mai aboki."

Na ce, "Mm."

Na je bayan gida na daɗe. Da na fito na wuce wurin Annelies na ce daga yanzu ranar Alhamis a gida zan riƙa aiki. Ta ce me ya sa. Na ce hayaniya ta yi yawa a ofis. Ta ce ai ni ne hayaniyar. Ta amince.

Alhamis, 4 ga Disamba, da rana

Ina gida, ina fostar watan Janairu. Shuɗiya. Tun safe layi ɗaya nake matsarwa hagu da dama.

Chantal ta turo saƙon murya, tana haki, da alama matakala ta hau.

"Kai, ka san inda Baba ya tafi? Na zo kawo masa miya ba ya nan. Maƙwabciya ta ce ya fita da jakat ɗin zuwa biki, wai zai raka wani abokinsa wani wuri. Wane aboki kuma? Sannan ka ji wani abu, na duba kan firij, tabaran ba ya nan."

Na rubuta mata ban sani ba.